Allon Bayan Jirgin Nahoda

Sabo, ɗan ƙanin babana, ya sace mini allo. Ba allon karatu ba, wani katako ne mai sassaƙar furanni da aka ciro daga bayan wani tsohon jirgin ruwa a Dubai, aka ba ni shi hannu da hannu. Ya buɗe baki ya ce mini ya ɓata a tashar jiragen ruwa ta Legas, alhali yana rataye a falonsa na sama a Kano. Da wannan na fara don kada wani ya karanta rabi ya ce Garba ya je ƙasar mutane ya dawo da baƙin rai ba dalili.

Tun da na dawo Yawuri, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Garba, wai yaya Dubai take?" Na san abin da suke so su ji, dogon benen nan da ake nunawa a waya da kasuwar zinariya. Shekara uku da 'yan watanni na yi a garin ban hau benen ba, zinariya kuwa ta bayan gilashi na gan ta kamar kowa. In na fara ba su labarin jirgin katako sai su kama hamma. To na gaji da maimaitawa, ga shi a takarda. Aji biyu na sakandare na tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Babana Mamman masassaƙin jirgi ne. Muna yara, yawancin kwalekwalen da ke kawo mutanen tsibirai ranar kasuwa daga hannunsa suka fito. Da manyan itatuwa suka ƙare sana'ar ta bi su, ni kuma na koma buga ƙofa da benci. Abin da ya bar mini gizago ne guda ɗaya mai ƙotar kirya, ta yi baƙi ta yi santsi daidai inda hannunsa ke kamawa. Shi kuwa Sabo a gidanmu ya tashi bayan rasuwar ubansa, na girme shi da shekara tara. Yana ɗan shekara biyar ya faɗa ruwa a tsakiyar kogi. Baba da ke tsaye a bayan jirgi da gora shi ya fara gani, ya nuna wurin da hannu ya ce "Garba," ban jira sauran maganar ba na bi shi na kamo shi ta wuyan riga. Ya girma ya tafi Kano, daga Kano ya zama mutumin Dubai, ya buɗe ofishin kago yana tura wa 'yan kasuwa kayansu gida. Wata rana ya kira ni ya ce yana neman mai buga masa akwatunan katako na kayan da ke fashewa. "Yaya, ka zo kawai, biza a kaina." Na ɗaure kaya.

Motar Kano ta bi da mu Kontagora, Tegina, Birnin Gwari. Daga Tegina kowa ya yi tsit, har mai tallan maganin basir da ya cika mu da surutu tun tasha ya koma jan carbi. Kusa da Funtuwa taya ta fashe, jak ɗin direba ya ƙi ɗagawa, muka sauka mu maza muka tallafe motar da wani gungume. Na shiga Kano da baƙin mai a gaban sabuwar rigar da na ɗinka don tafiyar.

A filin jirgi na yi abin kunya na farko. Gizagon na naɗe shi a tsohon zanen matata na sa a jakar hannu, don ban yarda ya yi nisa da ni ba. Jakar na shiga na'ura ma'aikacin ya tsayar da layi, ya zaro shi ya ɗaga sama.

"Baba, yaƙi za ka?"

"Aiki za ni."

"Da wannan a cikin jirgi? Ko kujerun ne ba su yi maka ba za ka gyara?"

Wani magidanci mai tabarau da ke bayana, Injiniya Nura, wanda ke aikin gine-gine a can, shi ya koma da ni wurin awon kaya ya yi musu Turanci aka tura jakar ƙasan jirgi. Daga Kano zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa Dubai, ban taɓa abincin jirgi ba, hankalina yana ƙasa wurin jakar.

A wurin shiga ƙasa wani Balarabe cikin farar riga ya nuna mini gilashi ya ce in duba. Na ɗauka hoto ne, na gyara hula na yi murmushi. Nura ya ce ƙwayar idona ake so, in daina washe baki. A gida in ka sauka garin da ba naka ba sai an tambaye ka kai ɗan gidan wane ne. Wannan bai tambayi sunan ubana ba, ya buga hatimi ya nuna mini hanya ya ce, "Yalla."

Sabo bai zo tarye na ba. Ya turo wani mutumin Zuru mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, Bulus, wanda za mu zauna gida ɗaya. Da muka fito waje na ɗauka wata mota ce ke huro mini zafin injinta, na matsa gefe. Bulus ya ce, "Ina za ka matsa, Sarkin Ruwa? Garin ne haka." Tun daga ranar bai sake kira na da wani suna ba, ni ma Badakkare nake ce masa.

Masaukinmu a unguwar Muraƙƙabat yake, hawa na uku. A can ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya. Mu takwas a ɗaki ɗaya, gadajen ƙarfe wani kan wani, kowa ya rataya zane ya yi wa kansa labule. Nawa na sama ne. Da Bulus ya ga yadda nake hawa da wannan gwiwar tawa sai ya kwashe kayansa ya bar mini na ƙasa, ya ce ba don Allah ya yi ba, tsoro yake kada in faɗo masa. Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a lokacin, shi ya tafi coci da safe ni in tafi masallaci da rana, mu haɗu a tukunya ɗaya. Sauran kwanaki shinkafar Indiyawa ce mai yaji da gurasarsu da shayi mai kauri a ɗan kofin takarda. Akwai matanmu masu tuwo a unguwar Dera, amma kifinsu na cikin ƙanƙara ne, mutumin Yawuri ba ya kiran wannan kifi.

Washegari na je ofishin Sabo a Al Butin, wani ɗan shago cike da kwali har rufi. Na ce, "Sabo, mun same ku lafiya?" Ya ja ni gefe.

"Nan ba gida ba ne. Gaban kwastomomi Alhaji za ka riƙa cewa."

Na ce to. Daga ranar shi kuma ya ajiye Yaya. "Garba, akwati biyu na gilashi. Garba, shuwayya shuwayya, a hankali, kada ka fasa." Na haɗiye. Na zo neman abinci ne, ba girma ba.

Bayan kamar wata biyu aka aike ni da amalanke in kai wasu kwalaye bakin ruwa. Wani rafin teku ne ya ratsa tsohon garin, a gefensa jiragen katako ke jere, uku uku huɗu huɗu, suna lodin kayan ƙasashen tsallake. Firji, taya, buhunan shinkafa, katifu, duk a zube a kan titi ba mai gadi, kwana da kwanaki ba a taɓa ko ɗaya. Wannan kowa ya ba ku labarinsa. Ni abin da ya tsayar da ni wari ne, warin jiƙaƙƙen katako da man kifi da ake shafa masa. Na tsaya da amalanke a tsakiyar hanya sai ga ni a gindin jirgin Baba ina miƙa masa ƙusa.

Jiragen nan ba kamar namu ba ne. Gaba a ƙasa yake, nan ake tara kaya, nan ma'aikata ke kwana. Baya kuwa an ɗaga shi sama kamar soro, an yi masa dandamali da matakala da rumfa, an kewaye shi da katako. Nim suke ce masa. Mu a mota babba gaba yake zama, baya na awaki ne da marasa galihu. Su babbansu, wanda suke kira nahoda, a baya yake, a sama. Da na yi tunani sai na ga ai Baba ma a baya yake tsayawa, kuma ba mai taka wurin nan sai shi.

Akwai guda ɗaya da ya fi sauran tsufa, katakon bayansa duk sassaƙa ce, furanni da ganye suna hawa. Ina kallo sai na ga wani ma'aikaci ya ɗora ƙusa mai tsawon yatsa a kan wani allo da ya saki, zai buga ta daidai kan tsagin itacen. Ban san lokacin da na bar amalanken ba. Na bi katakon da aka gitta daga bakin ruwa zuwa jirgin, na tsallake buhuna, na hau matakalar ina cewa "La, la," wato a'a, don ita ce Larabcin da ta zo mini. Na riƙe masa hannu.

Wani tsoho siriri da ke zaune a kan benci, da farin gemu da zane ɗaure a gindi, bai dubi fuskata ba. Ƙafata ya duba. Sai a lokacin na ga an shimfiɗa tabarma, na ga takalman kowa a jere a ƙasan matakala, ni kuma ga ni tsaye da robar da na taka titi da ita. Na sauka na cire na sake hawa, na yi sallama kamar yanzu na zo. Ya amsa. Na nuna masa tsagin, na nuna ƙusar, na buɗe tafin hannuna biyu kamar abu ya tsage. Na tsinci wani guntun itace na fere shi da wuƙar mai girkinsu, na nuna masa turun katako ake sa wa irin wannan. Ya daɗe yana juya turun a hannu, sannan ya ce, "Najjar?" Wato kafinta. Na ce na'am. Ya ce, "Juma'a."

Shi ne Nahoda Isa. Ranar Juma'a bayan masallaci na zo da gizago. Ya karɓa ya shinshina ƙotar, ya gwada kaifin a farcensa, ya tashi ya buɗe wani akwati ya ciro nasa. Ba don ƙotar ba da ban bambance su ba. Muka ajiye su gefe da gefe a kan tabarma muna kallo, mu biyu tsofaffin banza, ba mai jin yaren wani.

Aka kawo gahawa mai ɗaci a ɗan kofi kamar murfin kwalba, da dabino. Ina shanyewa ina miƙa kofin a ajiye, ana sake cikawa. A gida in an ba ka abu ka mayar ka yi rashin kunya, don haka na yi ta sha har hannuna ya fara rawa. Sai da tsohon ya kama hannuna ya girgiza kofin, ya ce, "Halas." Ashe girgizawa ake yi in ya ishe ka.

Abin kunya na uku shi ya fi. A can ƙarshen dandamalin, ta waje, an rataye wani ɗan akwati zagayayye a saman ruwa, da makarinsa da komai, an yi masa shuɗin fenti. Na ce a raina lallai mutanen nan sun san daɗi, ga wurin shan iska. Na ɗauki shayina na tsallaka na zauna a bakinsa ina kallon ƙananan jiragen fito suna wucewa. Na ji ma'aikata suna dariya a ƙasa, na ɗaga musu kofi. Da na sunkuya sai na ga rami a tsakiya, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi. Masai ne. Nahoda ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga ranar duk wanda zai zaga sai ya nemi izinina, wai zai ari kujerar Najjar. Na yi kuskure na ba Bulus labari, shi ma da safe in ya ɗauki buta sai ya ce, "Sarkin Ruwa, a ba ni aron fada."

Jirgin yakan yi sati uku ko wata a tafiya ya dawo. In yana nan, Juma'ata a samansa take. A nan ake salla, a nan ake cin shinkafa da busasshen kifi mai gishiri a tire ɗaya, a nan sitiyarin yake da wani tsohon kamfas a cikin akwatin tagulla. Ban da salla da abinci da zagayawa, ma'aikata ba sa hawa sai an kira su. Ni an ba ni wuri a hannun hagun tsohon. Sau ɗaya na lallaɓi Injiniya Nura ya zo ya yi mana tafinta. Nan na ji cewa jirgin na uban Nahoda ne, da can ba shi da inji, ƙyalle ake ɗaga masa iska ta kai shi Indiya da Zanzibar da dabino, ya dawo da itace. Ya nuna mana kututturen da ya rage inda aka yanke sandar ƙyallen. Ni ma na sa aka gaya masa gizagona na babana ne. Na ce a tambaye shi me ya sa aka ɗaga bayan. Ya ce igiyar ruwa ta baya take biyo jirgi, in wurin a ƙasa yake sai ta hau ta share mai tuƙi. Kuma daga nan sama yana ganin duk wanda ke cikin jirgin, in wani ya faɗa ruwa shi zai fara gani. Nura yana ta duba agogo, yana da wani taro. Ni kuwa Baba na tuna, tsaye a bayan jirgi ranar da Sabo ya faɗa ruwa.

Allon da nake magana a kansa shi ne majinginar bencin Nahoda. Tsawonsa ya kai hannuna biyu a buɗe, na wani itacen Indiya ne da suke kira saj. An sassaƙa tukunya a ƙasa, reshe ya fito daga cikinta ya bazu, furanni bakwai suna kallon sama. Ta dama ya lotsa ya yi sumul inda kafaɗar ubansa da tasa suka jingina shekara da shekaru. Fure ɗaya ya ɓalle tun da daɗewa, ya bar gurbi. Ina gyaran ƙafar bencin ne ƙotar gizagon Baba ta tsage a hannuna, ta rabu biyu. Itacen nan tauri gare shi kamar ƙarfe, ita kuma ta tsufa. Na zauna riƙe da guntayen, ba zan ɓoye ba, idona ya kawo ruwa. Tsohon ya matso kusa da ni. Ya karɓi guntu mai kaurin, wurin da hannun Baba ya cinye, ya ɗora shi a kan gurbin furen, ya dube ni.

Juma'a uku na yi ina fere furen nan da 'yar wuƙa. Da na zaunar da shi, shida ruwan toka, ɗaya baƙi-baƙi mai ja. Nahoda ya shafa shi da babban yatsa ya ce, "Afrika." Ya shafa na kusa da shi ya ce, "Hind." Shi kuma ya sa aka yi wa gizagona sabuwar ƙota ta saj. Ita ce a jikinsa har yau.

Sabo ya san duk wannan, don ni da bakina na gaya masa. Cewa ya yi, "Kai da ka baro kwalekwale a Yawuri ka zo Dubai ka sake nemo wani." Sau ɗaya ya biyo ni bakin ruwa neman mabuɗin sito. Nahoda ya leƙo ya yi masa hannu ya hau. Sabo ya dubi katakon da aka gitta, ya dubi shaddarsa da takalminsa, ya ce in jefo masa mabuɗin kawai.

Sai korona ta zo. Aka rufe gari, muka zauna mu takwas muna kallon juna, Bulus yana dafa mana wake kullum har muka yi masa tawaye. Da aka buɗe na tafi bakin ruwa da takunkumi a fuska. Na sami jirgin ba kaya, ba ma'aikata sai mai girki. Nahoda ya rame, wuyansa kamar na kaza. Da hannu da 'yar Larabcin da na tsinta na gane 'ya'yansa sun sayar da jirgin. Masu sayen za su mai da shi gidan cin abinci na masu yawon buɗe ido, irin waɗanda ke yawo a rafin da fitilu masu launi. Za a kwashe katakon baya a sa gilashi.

Ya nuna mini majinginar ya ce in cire. Turakun da na sa da hannuna na bi ɗaya bayan ɗaya na fitar. Da allon ya rabu da bencin na miƙa masa, sai ya tura mini shi a ƙirji ya riƙe a nan. Na ce la. Ya ce, "Baba," ya nuna baƙin furen. Ya sake cewa "Baba," ya nuna lotsawar kafaɗar. Muka sha gahawa bayan la'asar, na girgiza kofina a na uku, na sauka na sa takalmina. Ban sake ganinsa ba, ba ni da lambarsa, ban ma san ko yana da waya ba.

Ba a jima ba Sabo ya ce kasuwa ta mutu, in koma gida. Allon ya fi ƙarfin kayan jirgin sama. Na buga masa akwati da kaina, mafi kyawun da na buga a garin, na rubuta sunana ta kowane gefe, na sa a kwantenar Sabo. Bulus ya raka ni filin jirgi, ya ce in na isa in gaida kifi.

Wata huɗu ina jira. Na riga na ba mutane labari, na ce ku bari allon ya iso ku gani. Sai Sabo ya kira. "Yaya, sai haƙuri, akwatin nan naka ya ɓata a Legas. Ka san tashar nan." Ranar ce ya tuna da Yaya. Na yi kwana biyu ban buɗe shago ba. Daga nan majalisa ta samu abin yi. In na wuce sai wani ya ce, "Abokin nahoda, allon bai iso ba?" Wani ya ce dako kawai na yi a can na dawo ina tsara labari. Har matata ta ce in rage zancen jirgin nan a gaban mutane. Da girmana na zama maƙaryaci a garin ubana, a kan ƙotar gizagon ubana.

Bayan kusan shekara Hajiya, matar Sabo, ta kira ni. Ita ba ta san komai ba, baiwar Allah. Ta ce ƙofar falon Alhaji na sama ta sauka tana jan ƙasa, kafintocin Kano biyu sun taɓa sun ƙara lalata ta, in taimaka in zo. Na hau mota da jakar kayan aikina. Ranar Juma'a na isa, Sabo yana masallaci. Aka kai ni sama, falon da ban taɓa shiga ba, na manyan baƙi. Ina ɗaga kai na gan shi a bango, saman doguwar kujera. An shafe shi da wanis yana ƙyalli kamar kwanon silba. An huda shi ta kusurwa huɗu an ɗaure da ƙusoshi masu kan zinariya.

Na cire ƙofar na jingina ta, na durƙusa a bayanta ina rage gindin da gizago. Ina nan na ji su suna hawowa, shi da baƙi uku masu manyan riguna. Ba su gan ni ba. Suka zauna, aka kawo lemo. Ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan katakon fa? Ba aikin nan ba ne."

Sabo ya ce, "Wannan ai tarihi ne. Wani shehin Larabawa abokina ya ba ni, daga jirgin kakansa aka ciro. A saman jirgin muke zama da shi muna shan gahawa."

Na miƙe na fito daga bayan ƙofar, da gizago a hannu da ɓawon katako a gwiwa. Na yi wa baƙin sallama suka amsa. Shi kofin lemon ya tsaya masa a hanya.

"Yaya, yaushe ka..."

Na ce, "Sabo, a juye ka rataye shi. Tukunyar ƙasa take, furanni sama suke kallo. Da ka taɓa cire takalmi ka hau jirgin nan da ka sani. Alhazai, ku dubi furen can baƙi da ya bambanta da sauran. Ƙotar gizagon Mamman ce, wanda ya ciyar da wannan tun yana ɗan shekara uku. Hannun da ya cinye itacen nan shi ya nuna mini inda ka nutse na bi ka. Ka mai da ni maƙaryaci a Yawuri shekara guda don ka samu abin nuna wa baƙi, kuma ko gabansa da bayansa ba ka sani ba. Ƙofarka zan ƙarasa ta, don Hajiya ce ta kira ni ba kai ba. Yanzu ajiye kofin nan ka tashi ka riƙe mini kujera, zan hau in sauke kayana. Da hannu biyu, Sabo, gwiwata ba ta da kyau."